Jirgin Ruwa ko Mota: Wanne Ya Fi Wa Mazaunin Legas Araha?

Wanda ya taso daga Sabo Yaba da safe ya nufi cikin Tsibirin Legas, idan ya hau gadar Third Mainland ta mahaɗar Adekunle, abu biyu zai gani a lokaci guda. A saman gada motoci ne jere, danfo da bas da ƙananan motoci, wani lokaci ba su gaba ba su baya, kwandasta na rataye a bakin ƙofa yana leƙen inda cunkoson ya ƙare. A ƙasan gada kuwa ruwa ne shimfiɗe, matan Makoko na tuƙa kwalekwale da kwandunan kifi, ga gumagumen katako da aka ɗaure aka jawo ta ruwa daga dazuzzuka masu nisa, can gefe kuma wani ƙaramin jirgi mai inji ya tsaga ruwan ya wuce, kafin motarka ta matsa taku goma ya ɓace wa gani. Gadar, wadda aka buɗe a 1990, tsawonta ya kusa kilomita 12, kuma kusan dukkanta a kan ruwa take. Dole mai lura ya tambayi kansa, tun da garin nan ruwa ya kewaye shi, me ya sa mafi yawan mutanensa, musamman Hausawan Sabo da Agege da Mile 12 da Idi-Araba, ba sa ɗaukar ruwa a matsayin hanya?

A ƙasashen da yawon buɗe ido ya bunƙasa an daɗe ana irin wannan muhawara a kan jiragen shaƙatawa na koguna, kamar masu zirga-zirga a kogin Nilu tsakanin Luxor da Aswan a Masar, ko a kogunan Rhine da Danube a Turai. Mai kallo daga nesa zai ce tsadarsu ta yi yawa. Masu kare su kuma sukan ce a duba abin da kuɗin ya ƙunsa, domin a cikinsa akwai makwanci da abinci da sufuri daga gari zuwa gari, abubuwan da mai tafiya ta ƙasa zai biya ɗaya bayan ɗaya. A Legas ba mu da irin waɗannan jiragen sosai, in ban da masu kai mutane shan iska Tarkwa Bay ko Ilashe a ranakun hutu da bukukuwan Sallah. Amma lissafin ɗaya ne, kuma shi ne abin da nake son mai karatu ya riƙe. Ba a gane arahar tafiya daga kuɗin tikiti kaɗai. Sai an ƙirga daga ƙofar gida zuwa ƙofar inda za a je, an haɗa da lokacin da aka ɓata, da kayan da aka ɗauka, da kasadar da aka yi da rai. Idan aka yi lissafin haka, ruwa ya fi hanya riba ga wasu mazauna Legas nesa ba kusa ba, ga wasu kuma ba shi da wata riba, kuma abin da ke raba su shi ne inda suke zaune da irin jirgin da suka shiga.

Kakanninmu fatake sun riga mu yin wannan lissafi. Shekaru aru-aru ana ɗauko goro daga Gwanja a kan jakuna, ayari ya yi watanni a hanya, ana biyan fito a kowane kogi da kuɗin ratse a kowace ƙasa. A farkon ƙarni na 20, 'yan kasuwa irin su Alhassan Dantata, wanda ya zauna a Ankara ta ƙasar Gana ta yau, suka koma loda goro a jiragen ruwa zuwa Ikko, wato Legas, daga nan jirgin ƙasa ya haura da shi Arewa. Hanyar jakuna ba ta daɗe ba ta mutu. Zaman Hausawa a Agege ma goro da layin dogo ne suka ƙarfafa shi. Turawan mulkin mallaka su ma da ruwa suka fara tunani: layin dogon da ya isa Kano a 1911 daga Baro ya taso, a bakin kogin Neja, da nufin a riƙa sauke kaya daga jirgin ruwa a ɗora a jirgin ƙasa. Sai dai Neja na janyewa da rani har manyan jirage su kasa wucewa, saboda haka da aka haɗa layin da na Legas a 1912, ciniki ya karkata can. Wannan tarihi ya nuna abu biyu tare, cewa Bahaushe ba baƙon hanyar ruwa ba ne, kuma yakan bar ta ne kawai idan wata ta fi ta tabbas.

A Legas ta yau, wurin da ruwa ya fi nuna fifikonsa shi ne Ikorodu, inda akwai Hausawa masu yawa a unguwar Sabo ta can. Ta ƙasa, mai zuwa Tsibiri daga Ikorodu sai ya kewayo ta Majidun da Mile 12 da Ketu da Ojota, kuma a lokacin fita aiki tafiyar kan ci sa'a biyu ko fiye. Ta ruwa, daga tashar Ipakodo zuwa Ebute Ero ko CMS ko Falomo, miƙewa kawai ake yi a tsallake, kuma ba ta kai sa'a guda ba. Haka tsakanin CMS da Apapa, inda jirgi ke hayewa cikin 'yan mintoci, mota kuwa sai ta kewaya ta gadar Eko da Ijora ta faɗa cikin layin tankoki da tireloli. Haka kuma tsakanin Badore da Ijede. Ba sabon tunani ba ne wannan, domin tun zamanin Gwamna Lateef Jakande, a farkon shekarun 1980, gwamnatin jiha ta sa manyan jiragen fito biyu, Baba Kekere da Ita Faji, suna jigila tsakanin Mile 2 da Marina, kafin rashin kulawa ya kashe su. A 2008 aka kafa hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwan jiha, yanzu kuma ga jiragen LAGFERRY da ake biya da katin Cowry, katin da ake shiga bas ɗin BRT da jirgin ƙasa da shi. Duk lokacin da aka rufe gadar Third Mainland don gyara, kamar a 2020 da farkon 2024, mutane kan tuna da waɗannan tashoshi.

Mai musu zai ce kuɗin jirgin ruwa ya fi na bas, kuma gaskiyarsa ne. Ƙananan jiragen 'yan kasuwa da injin fetur suke aiki, injin da ke shan mai sosai ga kuma fasinja kaɗan, don haka da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabi, har gwamnatin jiha ta rage rabin kuɗin motocinta da jiragenta na ɗan lokaci a watan Agusta na shekarar. Amma tambayar da ta dace ita ce, nawa sa'a guda take a wurinka? Ɗan canji ko mai shagon gwal da ke da ciniki a Tsibiri, wanda abokin hulɗa zai kira ya ce yana nan yana jira, idan ya makara sa'a biyu ya rasa cinikin da ribarsa ta ninka kuɗin jirgi sau da yawa. Wannan, tsadar ruwa araha ce gare shi. Mai gadi ko lebura da albashinsa ba ya ƙaruwa ko ya iso da wuri, bambancin kuɗin kullum idan ya tara shi a wata zai taɓa abincin gidansa, kuma ba na ganin laifinsa idan ya zaɓi ya yi sammako ya bi layin BRT. Ko shi ma dai yana biyan wani abu da ba a rubuta a tikiti, wato barcin da ya rage da lafiyar da hayaƙin hanya ke ci a hankali, da 'ya'yan da yake barinsu suna barci ya dawo ya same su sun yi barci.

Ga mutumin Agege kuwa maganar a taƙaice take. Agege tudu ne, nesa da ruwa, kuma kafin ya kai kowace tasha ya riga ya sha rabin cunkoson da yake gudu. Abin da ya fi masa shi ne jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Mutumin Sabo Yaba yana tsaka-tsaki: ruwa na bayan gidansa, amma Tsibiri ma kusa yake ta ƙasa, don haka jirgin ruwa zai yi masa amfani ne idan Ikorodu ko ɓangaren Lekki ya nufa. Akwai kuma matsalar isa tasha. Tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, ciki har da Lagos Mainland inda Sabo take, da Apapa da Lagos Island da Eti-Osa, hanin da ya raba dubban matasanmu da sana'arsu, ɗan guntun da ke tsakanin gida da bakin ruwa ya ƙara wuya da tsada, kuma dole a sa shi cikin lissafi.

Babbar hujjar masu gudun ruwa ba kuɗi ba ne, tsoro ne, kuma tsoro ne mai dalili wanda bai kamata a yi masa dariya ba. Mutumin da ya girma a Kano ko Katsina, galibi bai iya iyo ba, labaran da ke zuwa masa daga gida kuma masu karya zuciya ne. A watan Mayu na 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi. A watan Nuwamba na shekarar, a Bagwai ta jihar Kano, kwalekwale ya kife da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi ta jihar Kwara suna dawowa daga biki. Legas ma ba ta tsira ba: a watan Yuli na 2022, jajibirin Babbar Sallah, jirgin da ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe da dare ya kife, fiye da mutum 15 suka rasu, akasarinsu 'yan uwan juna. Allah Ya jiƙansu. Sai dai duk wanda ya bi waɗannan haɗurra ɗaya bayan ɗaya zai ga dalilai kaɗan ne ke ta maimaituwa: lodin da ya wuce kima, tafiyar dare, tsohon jirgin katako, da rashin rigar kariya. Babu ɗaya a cikinsu da ya fi ƙarfin mutum. A tashar da ake bin doka, ana rubuta sunan fasinja, ana miƙa masa rigar kariya ya ɗaure igiyoyinta kafin ya taka jirgi, ana ƙirga kujeru, kuma ba a tashi bayan duhu ya shiga. Waɗannan matakai su ne wani ɓangare na abin da ya sa tikitin ya yi tsada. Jirgin da ke tashi daga bayan gada da magariba, babu riga babu rajista, kuɗinsa ya fi sauƙi ne domin an zare tsaron daga ciki, kuma a nan maganar Hausawa ta araha ba ta ado take da gaskiya. Ya kamata kuma a tuna hanyar mota ba ta da alkawarin tsira, domin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ƙirga rayuka dubbai a titunan Najeriya kowace shekara, sai dai mutuwar hanya ɗaiɗai take zuwa, ta ruwa kuma takan zo a dunƙule, shi ya sa ta fi zama a zuciya.

Abin da ya fi rage wa hanyar ruwa daraja a ganina shi ne rashin tabbas. A wasu watanni na shekara wata ciyawa mai kama da kainuwa, wadda ta shigo ruwan Legas tun shekarun 1980, takan rufe mashigar Ikorodu har ta naɗe farfelar inji. Shara da ɓaraguzan tsofaffin jirage da ke ƙarƙashin ruwa su ma suna jawo tsaiko da haɗari. Ga kuma jayayyar iko da aka daɗe ana yi tsakanin LASWA ta jiha da NIWA ta tarayya mai hedikwata a Lokoja, wadda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kanta a watan Janairu na 2024 ta ba tarayya gaskiya. Ɗan kasuwa ba ya gina harkarsa a kan hanyar da yau akwai gobe babu. Shirin Omi Eko, wanda Tarayyar Turai da hukumar raya ƙasashe ta Faransa da Bankin Zuba Jari na Turai ke tallafa wa, kuma jimlar kuɗinsa ta kai yuro miliyan 410, ya yi alkawarin manyan jirage masu aiki da lantarki fiye da 70. Idan suka zo, kuma aka kula da su fiye da yadda aka kula da na Jakande, babban jirgi mai ɗaukar mutane da yawa ba tare da fetur ba shi ne zai iya sauko da kuɗin har lebura ya shiga.

Inda ruwa ba shi da abokin gasa shi ne ɗaukar kaya masu nauyi, kuma nan ne ya fi shafar Arewa. Direbobinmu sun san kwanakin da suka yi a layin Apapa, suna barci a ƙarƙashin mota suna jiran shiga tashar jiragen ruwa. Wani ɓangare na sauƙin da aka samu ya zo ne daga faffaɗan jiragen dakon kaya da ke kwashe kwantena daga Apapa da Tin Can su kai Ikorodu da wasu mashigai, kowanne yana ɗauke da lodin tireloli masu yawa a tafiya guda. Amma wannan ribar ta tsaya a bakin Legas. Tashar Baro da aka sake ginawa, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a watan Janairu na 2019, ta shafe shekaru ba ta aiki saboda rashin hanyar mota mai kyau da rashin yashe kogin. Har yanzu taki da siminti da ke haurawa Arewa, da albasa da hatsi da shanu da ke gangarowa Mile 12 da mayankar Oko-Oba, duk a bayan tirela suke tafiya, kuma kuɗin man dizal da na shingayen hanya mai saye ne ke biyansu a kasuwar Sabo.