Gidan sauro a cikin kogi: yadda sana'ar su ke sauyawa a ƙasar Bagudo

Uwargida, in kin lura busasshen kifin da kike saya yanzu ƙanana sun fi yawa, to labarin daga bakin kogi ya faro. A yankinmu na Matsinkai da kewaye, inda kogin Kwara ke shigowa Najeriya daga iyakar Benin ta wajen Lolo, masunta sun daɗe suna ganin wannan sauyi.

Dattawan Sarkawa za su gaya miki sau biyu kogin ke cika: farin ruwa na damina, sai baƙin ruwa da ke isowa da hunturu daga tsaunukan Gini. In ya malala cikin fadama, nan tarwaɗa da karfasa da bargi ke hayayyafa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 tafiyar ruwan ta sauya. Yanzu ga yashi na cike kogi, ga fadamu sun koma gonakin shinkafa, ga masu kamun sun ƙaru.

Masunta ba su naɗe hannu ba. Wasu sun haɗa su da noman rani, wasu sun haƙa tafkin kiwon tarwaɗa, wasu kuma na bin kifi zuwa Yawuri su yi watanni. Mata sun riƙe banda da fatauci. Da aka rufe iyaka a Agustan 2019, masu kai kaya kasuwar Malanbil dole suka nemi masu saye a gida.

Amma akwai dabarar da ke cin gobenmu. A aikina na jinya na sha karɓar yaro jikinsa zafi rau, in tambayi uwar ina gidan sauron da aka raba musu, ta sunkuyar da kai ta ce, "Yana wajen babansa, a kogi." Ragar ƙananan ido gare ta, tana kwashe har 'ya'yan kifi. Asara biyu ke nan: yaro ya kwana sauro na cizo, kogi ya rasa iri.

Ba na ganin laifin uba shi kaɗai, yunwa ce ta kai shi. Mafita na hannun Sarkin Ruwa da jama'arsa: a hutar da wuraren hayayyafa, a dawo da ragar manyan ido, gwamnati ta tallafa da jari. Ke kuma, in kin ga tiren 'ya'yan kifi da ba su kai yatsa ba, ki wuce.

A garinku fa, wane kifi kuka daina gani?