Hakkin Ma'aikaci Ba Ya Mutuwa, Amma Ƙofar Alƙali Tana Rufewa

Bayan haka, a sani mutanen ƙasar Hausa da yawa suna neman abinci a Makka da Madina da Jidda, waɗansu magina, waɗansu direbobi, waɗansu masu tsaron kanti. A cikinsu akwai wanda maigidansa ya kan riƙe masa albashin wata uku ko huɗu, ya ce sai kasuwa ta buɗe. Shi kuwa ma'aikaci, don kunya ko don tsoron kora, sai ya yi shiru yana haƙuri. To, haƙuri abu ne mai kyau, amma a wannan babi hukuma ta yanka masa wa'adi.

Dokar aiki ta Saudiyya, wadda aka kafa a shekarar 1426 ta Hijira, watau 2005, aka kuma yi mata gyare-gyare daga baya, ita ce ta faɗi wa'adin. Sashe na 234 ya hana kotun ma'aikata karɓar ƙara a kan hakkin aiki idan wata 12 suka wuce. Ƙirgen yana farawa ne daga ranar da aiki ya ƙare tsakanin ma'aikaci da maigida. Kuma bisa sashe na 10, da watannin Hijira a ke lissafi, sai fa in takardar yarjejeniya ta faɗi wanin haka. Shekarar Hijira kuwa ta gaza ta Miladiyya da misalin kwana 11, saboda haka mai duba kalandar Turawa yana iya makara bai sani ba. Abu biyu ne ke buɗe ƙofa bayan ta rufe: ko mai ƙara ya kawo uzurin da alƙali ya karɓa, ko wanda a ke ƙara ya yi iƙirari cewa lalle ana bin sa.

Wani zai ce, yaya bashi zai faɗi don kwanaki sun shige? Jawabi shi ne, malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin hakki da sauraron ƙara. Hakki yana nan a wuyan wanda ya ci shi har ranar hisabi, amma shugaba yana da ikon hana alƙalai sauraron tsofaffin ƙararraki, domin shaidu su kan mutu, takardu su kan ɓace. A Risala ta Ibn Abi Zaid an yi hukunci cewa wanda ya ga wani ya riƙe gida shekara 10, yana nan bai yi magana ba, ba a sauraronsa daga baya. Haka kuma Majalla ta daular Usmaniyya ta Turkiyya, wadda aka gama a 1876, ta sa wa ƙarar bashi shekara 15.

To, me ya kamata ma'aikaci ya yi? Sashe na 88 ya wajabta wa maigida ya biya dukan hakki cikin mako ɗaya bayan ƙarewar aiki, ko mako biyu in ma'aikacin ne ya ajiye aikin. Cikin hakkin har da kuɗin sallama. In wannan lokaci ya wuce babu biya, sai ya kai kuka ofishin sulhu na ma'aikatar ƙwadago, inda a ke da kwana 21 na aiki don a daidaita. In sulhu bai yiwu ba, a miƙa maganar ga kotun ma'aikata, waɗanda suka fara zama a 2018. Ya adana takardar yarjejeniya da ta banki, in kuwa maigida ya yi alkawarin biya, ya nemi a rubuta. Mai niyyar komowa gida ya shigar da ƙararsa tukuna, ko ya naɗa wakili. Masu aikin cikin gida kuwa suna da nasu ƙa'idodi daban.

Shi kuma maigidan da ya ke jan lokaci don wa'adi ya cika, ya tuna akwai Alƙalin da ba a makara a gabansa. Allah ya kiyaye. Haza wasalam.