Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Magana Kan Warin Kwamin Wanka

Kwana biyu bayan ƙaramar Sallah maƙwabciyata Hajiya ta aiko a tambaye ni ko ina da maganin ɗigawa a ido. Yaranta uku sun kwana suna murzar idanu, sun kaɗa sun yi jajir kamar garwashi, autan har da tari. Ita ta riga ta yanke hukunci, wai afolo ne yake yawo a gari. Da na leƙa na tambayi inda suka yi yawon Sallah, sai babban ya ce gidan wani ɗan'uwan babansu suka je, can cikin sababbin gidajen da ke tsakanin Karshi da Orozo, inda aka gina kwamin wanka a tsakar gida. Sun wuni cikin ruwa su da 'ya'yan dangi kusan ashirin. Ban rufe baki ba uwar ta tare ni: "Haba Malam, ai ba daga ruwan ba ne. Tun daga bakin ƙofa kake jin warin magani. Ruwan nan ya sha magani har ya ƙoshi."

Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami, don na gaji da jin ta. Na ji ta a bakin iyaye, na ji ta a bakin masu gadi da aka ɗora wa aikin kula da ruwa, har a bakin masu gidan da suka kashe miliyoyi wajen haƙa kwamin. Abin da a da sai Maitama da Asokoro, yanzu ya biyo hanyar Nyanya, ya ratsa Karu da Jikwoyi da Kurudu, ya iso mana. Wanda bai iya ginawa ba ya sayo na roba mai hurawa. Kwamin ya iso, sanin yadda ake riƙe shi ne aka baro a hanya.

Kulorin dai sinadari ne da ake zuba wa ruwa don ya kashe ƙwayoyin cuta, shi ne kuma a cikin Hypo da Jik da matanmu ke wanki da su. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne, ruwan da kulorin ɗinsa yake daidai kusan ba ya wari. Sai ka sunkuya ka kai hanci kafin ka ji ɗan alamarsa. Wancan warin mai hawa kai, wanda ke tarar mutum tun daga zaure, warin kulorin ne da ya riga ya gama aiki. In kulorin ya haɗu da fitsari da zufa da majina da dauɗar jiki, sai ya rikiɗe ya zama wani abu daban da ake kira kuloramin. Shi ne mai warin, shi ne mai sa ido ja da ƙaiƙayin fata, shi ne mai taso wa masu asma ciwonsu. Ƙarfinsa wajen kashe cuta kuwa bai kai ko kusa da na kulorin da bai gauraya da komai ba. Wato abin da Hajiya ta shaƙa ta ji hankalinta ya kwanta, shaida ce cewa yara ashirin sun yi abin da suka yi a cikin ruwan, maganin kuma ya ƙare a kansu. Kallon kitse ta yi wa rogo.

Kada wani ya ce 'ya'yansa masu tarbiyya ne, ba sa haka. A shekarar 2017 masu bincike a Jami'ar Alberta da ke Kanada sun auna ruwan wuraren ninƙaya ta hanyar bin sawun wani sinadarin zaƙi da ke fita cikin fitsari bai sauya ba. A wani kwami mai lita kusan 830,000 sun ƙiyasta fitsari lita 75, jarka uku ke nan ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Can ma da ake da banɗaki a kowace kusurwa. Mu kuwa da muka tashi muna jin cewa Manzon Allah (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudana, me zai hana mu tara yara mu gaya musu wannan kafin su tuɓe riga? Uba zai tsaya ya yi rabin sa'a yana ɗaukar su bidiyo a waya, amma minti ɗaya na "kowa ya je ya kama ruwa ya watsa wanka tukuna" ya gagare shi.

Ina zaton kuskuren yana da tushe a yadda aka koya mana hukuncin ruwa tun muna makarantar allo: a duba launinsa, da ɗanɗanonsa, da ƙamshinsa. Wannan ma'aunin tsarki ne, kuma yana nan daram a muhallinsa. Sai dai ƙwayar cuta ba ta da launi, ba ta da wari. Ruwa zai yi garau har kana hango tayil ɗin ƙasa, alhali babu ɗigon kulorin mai rai a cikinsa. Ido da hanci ba su da hurumi a nan, sai abin awo.

Kuma ko kulorin yana daidai, ba nan take yake gamawa da kowace cuta ba. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta nuna cewa ƙwayar E. coli tana mutuwa cikin ƙasa da minti ɗaya, ta ciwon hanta nau'in A tana kai minti 16, Giardia wajen minti 45. Akwai kuma wata mai taurin kai da likitoci ke taƙaita sunanta su ce Kirifto, mai sa gudawa, wadda ke iya wuce mako guda da ranta a ruwan da aka sa wa magani yadda ya kamata. Saboda haka yaron da cikinsa ya ɓaci ba shi da abin yi a kwami, ko zai yi kukan jini. In an tabbatar Kirifto ce, sai ya yi mako biyu bayan gudawar ta tsaya. Mu da muka ga 2021, shekarar da amai da gudawa ta kashe mutum sama da 3,500 a ƙasar nan, har Abuja ba ta tsira ba, bai kamata a riƙa roƙonmu kan wannan ba.

To, yaya ake yi? Mai kwami ya fara da sayen abin awo, ko 'yan takardun da ake tsomawa su sauya launi, ko ƙaramin akwatin nan mai ƙwaya da ke mayar da ruwa ruwan hoda. Kuɗinsa bai kai na man janareta na mako ba. Abu biyu za a duba kullum, safe da yamma in ana shiga. Na farko kulorin mai rai, kada ya gaza miligiram 1 a kowace lita, an fi so ya tsaya tsakanin 1 da 3. Na biyu ma'aunin pH, wanda duk matar da ta taɓa kashe tsamin miya da kanwa ta san ma'anarsa ko ba ta san sunansa ba: ƙasa tsami, sama kanwa. Ana son ya zauna tsakanin 7.2 da 7.8. Wannan lambar ba ado ba ce. A 7.5 kusan rabin kulorin ne ke cikin siffarsa mai kisa, in ya hau 8 sai ya koma wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa za ka ga mutum yana ta antaya garin kulorin, ruwa yana ta yin kore, yana zagin mai shago wai jabu ya sayar masa.

Zubawa ma da lissafi. Kwamin da tsawonsa mita 8, faɗinsa mita 4, zurfinsa mita ɗaya da rabi, yana cin lita 48,000. Don a ɗaga kulorin ɗinsa da miligiram 1 a lita, wajen giram 75 ake buƙata na garin nan da aka fi sani da HTH, mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Na taɓa tsayawa ina kallon wani yaro mai gadi yana ɗibarsa da gwangwanin madara, hannu ba safa, yana watsawa kamar mai ba kaji dawa, ƙura tana komawa fuskarsa yana atishawa. Na ce, "Samari, gwangwani nawa ake sawa?" Ya ce, "Baba, sai na ji wari ya tashi." Laifin ba nasa ba ne, laifin wanda ya miƙa masa bokitin ne bai koya masa komai ba. Ana cika bokitin roba da ruwa tukuna, sannan a zuba garin a kai a motsa da sanda, ba a zuba ruwa kan gari. A zagaya da shi gefe gefe bayan magariba, injin da ke juya ruwan yana aiki. Dalilin magariba shi ne rana: irin hasken ranar da muke gani a Maris da Afrilu yana cinye yawancin kulorin cikin 'yan sa'o'i. Akwai sinadarin sayanurik da ke yi masa laima, wanda kuma yake cikin manyan ƙwayoyin nan farare da ake sawa a gwangwani mai yawo bisa ruwa. In da shi a ruwa, kada kulorin ya gaza miligiram 2. In ya taru da yawa kuma sai ya dakushe maganin, babu mafita sai a rage ruwan a ƙara sabo.

Gargaɗi mafi girma: kada a kuskura a haɗa garin kulorin da asid ɗin rage pH, kada kuma a haɗa garin da waɗancan ƙwayoyin a mazubi ɗaya. Na farko yana tayar da iskar kulorin, irin wadda aka kashe sojoji da ita a Ypres ta ƙasar Beljiyam a Afrilun 1915. Na biyu yana iya kamawa da wuta ko ya fashe. A ajiye su nesa da juna, a inuwa, nesa da fetur da janareta da hannun yara.

In wari ya riga ya tashi, sai a fitar da kowa, a daidaita pH, a yi wa ruwan zubi mai nauyi da daddare, kusan ninki goma na kuloramin da awo ya nuna, a bar injin ya kwana yana juyawa, kada kowa ya shiga sai awo ya sauko. In yaro ya yi gudawa a ciki, ƙa'idar CDC ita ce miligiram 20 a lita har kusan sa'a 13, wannan ma in babu sayanurik. Sallar ranar ta ƙare ke nan, a ba su haƙuri.

Sauran masu cin kulorin an san su: ƙurar hunturu, ruwan damina da ganyaye, da ruwan burtsatse mai ƙarfe da ke juyewa ruwan ƙasa da zarar ya ji magani. Sai rashin wuta. Ruwan da injin bai juya shi ya bi ta matata ba na sa'o'i kowace rana, kududdufi ne mai tayil, gansakuka da sauro ne za su gaje shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ba zai iya ciyar da injin ba, ya zazzage kwamin ya huta. Na roba kuwa ba ya son wani lissafi, a zubar da ruwansa kowace yamma, a wanke, a kife a rana.

Yaran Hajiya idanunsu sun washe cikin kwana biyu, Allah Ya taƙaita. Babbar Sallah na tafe, za a sake gayyatar ku. Uwa, kafin ki bar ɗanki ya tsoma ƙafa, ki ce a tsoma takardar awo a gabanki ki ga launin da idonki. In mai gida ya ce ba shi da ita, ko wari ya tare ku tun daga ƙofa, ku ci naman ku yi zumunci, yara su koma gida da kayansu a bushe.