Kaskar da ke Cikin Tsagar Bango

Duk wanda ya bi ƙauyukan Hausawa na Jazira da Shuɗin Nilu, tun daga Kamlin har Maiwurno, inda jikokin mahajjata da na muhajiran da suka fito bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna suna noma da kiwo, zai tarar da wuya a sami gidan da babu tunkiya ko saniya a turke, kuma da wuya a ɗaga wutsiyar dabbar, ko a leƙa hantsarta, ba a ga kaska ta kafa kai ta ƙoshi da jini har ta yi tiɓis ba. Yawan ganinta ya sa an raina ta, alhali kuwa ta isa a rubuta mata littafi, kamar yadda wani masani Ba'amurke, Harry Hoogstraal, ya wallafa babban littafi a kan kaskar Sudan a 1956.

Wadda ta fi ɓarna a wannan yanki ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira Hayaloma, mai dogon baki. Ita ce ke yaɗa cutar taileriya, wadda alamunta su ne zazzaɓi, da kaluluwa a gaban kafaɗa, da zubar hawaye, da ɗaukewar nono. Shanun ƙasa irin su Kenana da Butana sukan jure mata gwargwado, amma ruwa-biyun da aka barbara da Firiziyan saboda kwaɗayin madara, waɗanda aka saya da tsada, su ne take kayarwa. Tumaki ma suna da tasu, mai tsanani.

Abin da akasarin masu kiwo suka gafala da shi, a ganina, shi ne cewa kaska ba a jikin dabba take ƙare rayuwarta ba. Idan macen ta ƙoshi sai ta faɗo, ta shige tsagar bangon laka ko ƙarƙashin busasshen taki, ta zuba ƙwai dubbai. Saboda haka mutumin da ya wanke saniyarsa da magani, sa'an nan ya mai da ita garken da bangonsa ya tsattsage, ya yi aikin baban giwa. Yaɓe bango sumul da kwashe taki ba su kai kuɗin allura ɗaya ba.

Ɗan Adam kuwa bai tsira ba, domin Hayaloma ce ke ɗauke da zazzaɓin Kirimiya da Kwango mai sa zubar jini, wanda ya ɓulla a Alfula ta Kurdufan a 2008 har ya kama ma'aikatan asibiti, wanda kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe goma zuwa arba'in cikin ɗari na waɗanda ya kama. Dabbar da ke ɗauke da shi ba ta nuna ciwo, ga ta garau, amma ɗanyen jininta yana harbi. Don haka wajibi ne mahauta da masu fiɗar layya su kiyaye hannu mai rauni. Naman da ya dahu ba shi da laifi. Al'adar nan ta murƙushe kaska tsakanin farata biyu tana da hatsari ƙwarai. Maimakon haka, a kama kaskar da hantsaki dab da fata, a ja a hankali, a jefa a wuta.

Wanda zazzaɓi ya rufe shi farat ɗaya bayan cizon kaska ko bayan yanka, musamman in ya ga haɓo ko jini a dasashi, kada a tsaya ana ba shi maganin zazzaɓin sauro a gida. A kai shi asibiti nan da nan, a kuma gaya wa likita maganar kaskar tun kafin ya tambaya.