Jim Thorpe, gwarzon da ya ci zinare da takalmin bola

A Kafanchan idan aka ce ƙwallo, ta ƙafa ake nufi. Amurkawa kuwa suna da tasu mai kama da zari-ruga, inda mutum ke rungume ƙwallo ya sheƙa da gudu, ƙarti na tare masa hanya. Wanda aka fara biya don buga ta shi ne Pudge Heffelfinger, dala 500 a 1892. Amma cikin 'yan wasan farko babu mai labari irin na Jim Thorpe, ɗan ƙabilar Sac da Fox, cikin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar.

A gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm, an zo fara wasa aka nemi takalmansa aka rasa. Wari biyu daban-daban ya samu, ɗaya daga kwandon shara, wani ma ya yi masa yawa sai da ya ƙara safa. Hoton yana nan har yau, kowace ƙafa da irin nata. Duk da haka ya koma gida da zinare biyu, na gasar wasanni biyar da na wasanni goma.

Murnar ba ta shekara ba. A 1913 aka ƙwace lambobin, wai a 1909 da 1910 ya buga besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, ana biyansa 'yan daloli, alhali Olamfik ta waɗanda ba sa karɓar kuɗi ce. Ɗalibai da yawa sun yi haka, sai dai su da sunan bogi, shi kuwa da sunansa na gaskiya. Ga shi doka ta ce a kai ƙorafi cikin kwana 30, wannan kuwa sai bayan wata shida aka taso da shi. Zalunci ne tsagwaronsa. Sai a 2022 aka mayar masa da matsayin zakara shi kaɗai, shekara 110 bayan nasarar.

A 1915 ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Canton Bulldogs ta ɗauke shi a kan dala 250 kowane wasa. A 1920 aka naɗa shi shugaban farko na haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwallon Amurka da ta zama NFL, yana shugabanci yana kuma shiga fili. Har ya jagoranci Oorang Indians, ƙungiyar da wani mai sayar da karnuka ya kafa don tallata hajarsa. Da ƙarfi ya ƙare sai ga shi yana haƙar rami da fitowa a ƙananan matsayi a fina-finai, kuma hannu babu komai ya rasu a 1953.

Abin da ya biyo baya ya fi komai ɗaure kai. Ana cikin hidimar jana'izarsa irin ta gargajiya a Oklahoma, matarsa ta uku ta ɗauke gawar. Daga baya ta daidaita da wani gari a Pennsylvania mai suna Mauch Chunk. Garin kwal ne da layin dogo tun 1827, kasuwa ta mutu, matasa sun watse. Duk wanda ya san yadda tashar Kafanchan take cika a da, ya kuma ga yadda ta koma bayan jirgi ya ja baya, zai gane halin da suka shiga. Mutanen Mauch Chunk suka gina masa kabari don jawo baƙi, suka sauya wa garin suna zuwa Jim Thorpe a 1954, mutumin da bai taɓa taka ƙasarsu ba yana raye.

'Ya'yansa sun kai ƙara a mayar da shi ƙasar kakanninsa. A 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙarar.