Koren Jaket a Jakarta: Yadda Gojek Ya Sauya Lissafin Masu Kafa Kamfani

A shekarar 2010, Gojek bai wuce layin tarho da 'yan acaɓa ashirin a birnin Jakarta ba. Ka buga waya, a turo maka mai babur. Wanda ya kafa shi, Nadiem Makarim, fasinjan acaɓa ne na yau da kullum, kuma ya lura cewa mai babur kan ƙarar da yininsa a bakin layi yana jiran fasinja, alhali fasinjan na can wata kwana yana rarraba ido. A Janairun 2015 aka saki manhajar waya. Zuwa Agustan 2016 kamfanin ya tara jarin dala miliyan 550, darajarsa ta haura dala biliyan ɗaya, abin da babu wani sabon kamfanin fasaha na Indunusiya da ya taɓa kai wa.

Masu ba da labarin sun fi son tsayawa kan wayon Nadiem, yaron da ya yi karatu a Harvard. Wayon na nan, amma ƙasa ce ta riga ta jiƙu kafin a yi shuka. Gosulon Jakarta ya kai inda mai mota ke ƙyashin mai babur. Sana'ar acaɓa ta daɗe da kafuwa, ba sai an koya wa kowa hawa ba, tsari kawai ta rasa: babu tsayayyen farashi, sai ciniki da ja-in-ja. Wayoyin Android masu araha sun shiga hannun talaka a daidai lokacin. Sannan ga jama'a sama da miliyan 250, kasuwar da ke sa mai jari daga waje ya gyara zama.

Wurin da Gojek ya fi nuna basira shi ne harkar kuɗi. Yawancin fasinjojinsa ba su da katin banki, don haka bai ce sai da kati ba. Ka sauka daga babur, ka miƙa wa direba tsabar kuɗi, nan take ya tura maka su cikin asusunka na GoPay. Kowane mai koren jaket ya zama ƙaramin reshen banki da ke yawo a lungu. Ga kuma aiken kaya, ga kawo abinci, ga biyan kuɗin wuta. Babur ɗin da ke kai ma'aikaci ofis da safe, shi ke kawo masa shinkafa da rana.

Akwai kuma sa'ar siyasa, wadda ba a cika ambata ba. A Disambar 2015 Ministan Sufuri Ignasius Jonan ya haramta irin wannan sufuri. Kafin a kwana biyu Shugaba Joko Widodo ya fito ya goyi bayan 'yan acaɓar, aka janye umarnin. Da a ce shugaban ya yi gum, da wani labarin ake yi yau.

Tasirin farko a kan matasa na tunani ne. A da, burin mai digiri shi ne aikin gwamnati ko banki ko kamfanin Turawa. Ganin ɗan ƙasa ya gina kamfani a kan sana'ar da ake raina wa, har Google da Tencent suna zuba masa kuɗi, ya sa neman jari ya daina zama tatsuniya. A Maris 2018 Uber ya tattara komatsansa ya sayar wa Grab, abokin gasar Gojek, harkarsa ta yankin, Gojek na nan tsaye. Gwamnati ma ta bi sahu da shirin kafa kamfanonin fasaha dubu a 2016, kuma a 2019 aka naɗa Nadiem ministan ilimi. Kamfanin ya zama makaranta: Alamanda Shantika, wadda ke cikin waɗanda suka gina manhajar, ta fita ta kafa Binar Academy don koyar da rubuta manhaja. A ƙarshen 2017 Gojek ya sayi Midtrans da Kartuku da Mapan, wanda ya nuna wa masu ƙananan kamfanoni cewa ko a gida akwai mai saye.

A ganina, waɗanda suka fi cin moriya ba sa sa kwat. Mace mai dafa abinci a ɗakin girkinta, wadda ba ta da kuɗin hayar shago a bakin titi, ta samu masu saye daga unguwannin da ba ta taɓa takawa ba. Hoton kwano da lambar waya sun ishe ta jari.

Masu kwaikwayo kai tsaye kuwa ba su ji da daɗi ba. A 2015 aka ga Blu-Jek, aka ga LadyJek na mata zalla, duk suka shuɗe. Manhaja ba ta da wuyar ginawa. Abin da ya kayar da su shi ne gasar rangwame. Gojek da Grab na karya farashi ga fasinja, suna ƙara wa direba ihsani, da kuɗin masu jari. Wanda aljihunsa bai kai zurfin nasu ba, sai ya koma gefe.

Shi kansa babban sai da lissafi ya cim masa. Bayan haɗewa da kamfanin cinikin intanet Tokopedia a 2021 aka samu GoTo, wanda ya shiga kasuwar hannun jari a Afrilun 2022. A Nuwamban shekarar ya sallami ma'aikata 1,300, ya kuma rufe shekarar da asarar kusan rufiya tiriliyan 40. Ya janye daga Tailan a 2021, daga Biyetnam a 2024. Direbobi, waɗanda kamfanin ke ɗauka abokan hulɗa ba ma'aikata ba, su ke sayen mai, su ke gyaran babur. Da ihsani ya ja baya, masu koren jaket suka yi yawa a titi, sai kuka ya tashi. A Mayun 2025 sun fito zanga-zanga suna neman a rage kamashon da ake yanka musu zuwa kashi goma cikin ɗari.

Guguwar ta iso Najeriya. Fahim Saleh, wanda ke cikin waɗanda suka kafa Pathao a Bangaladash, kamfanin da Gojek ya zuba wa jari, shi da wasu suka kafa Gokada a Legas, inda Gokada da MAX da ORide na OPay suka yi ta neman fasinja ɗaya. An kwafo jaket da hular kwano da manhaja, amma ba a kwafo shugaban da zai tsaya musu ba. Kano ta riga ta hana acaɓa tun 2013, kuma a Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta haramta shi a manyan sassan birnin. Gokada ya sallami direbobi ya koma aiken kaya. OPay ya rufe ORide a shekarar, ya riƙe harkar tura kuɗi, wadda a yau ake cin karo da ita a shagunan unguwa daga Legas har Kano.