Cinikin Manyan Jiragen Kwaikwayo na Hannu a Bukit Bintang

Shirin musamman na wannan mako ya karkata ne zuwa Bukit Bintang, unguwar kasuwanci da ke tsakiyar Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar Malesiya, domin duba wani ciniki da mahalartansa ba su da yawa amma kuɗinsa ba kaɗan ba ne, wato saye da sayar da manyan jiragen kwaikwayo waɗanda aka riga aka yi amfani da su.

Jirgin kwaikwayo shi ne jirgin saman da aka ƙera bisa siffar na gaske, aka rage girmansa, aka sa masa inji da farfela, mai shi yana tsaye a ƙasa yana tuƙa shi da na'urar rediyo da ke hannunsa. Masu wannan sha'awa sun daɗe da wani ma'auni da ya samo asali daga Amurka, wanda a kansa ake kiran jirgi babba idan faɗin fukafukansa ya kai inci 80, wato mita 2 da ɗan ɗoriya, ko inci 60 idan mai fiffike hawa biyu ne, ko kuma idan girmansa ya kai rubu'in na jirgin ainihi. Irin waɗannan jirage, kamar kwaikwayon Extra 300 da Yak 54 da Piper Cub, galibi injin fetur suke ɗauka mai girman cc 50 ko 100, kuma ana haɗa gangar jikinsu da falankin katako da balsa, wani icce mara nauyi da akasarinsa daga ƙasar Ekwado yake fitowa, sannan a lulluɓe su da wata leda ta musamman da ake mannawa da zafin dutsen guga.

Bukit Bintang ta yi suna da manyan rukunan shaguna, daga Sungei Wang Plaza da aka buɗe a 1977 zuwa Plaza Low Yat na 1999, wanda ya zama matattarar kwamfuta da wayoyi da kayan lantarki, da kuma Berjaya Times Square na 2003. A nan mai sha'awa zai samu caja da waya da ƙananan jirage marasa matuƙi masu ɗaukar hoto. Sai dai jirgi mai faɗin mita 2 ba haja ba ce ta kanta a unguwar da hayar shago ke da tsada, ba kuma kayan da za a shiga da shi jirgin ƙasa mai layi ɗaya da ke ratsa unguwar ba ne. Saboda haka tallan jirgin na hannu ya koma intanet, a shafuka irin su Mudah.my da Carousell da Facebook, hajar kuwa tana jingine a gidan mai ita, ko a filin tashi da ke bayan gari.

Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne yadda farashi ke faɗuwa, domin da wuya mai sayarwa ya mayar da abin da ya kashe, ko da jirgin bai taɓa yin hatsari ba. Dalili shi ne gangar jikin, wadda ita ce ke ɗaukar ido, ita ce mafi saurin rasa daraja, tun da tana da cin wuri, tana da wuyar aikawa, kuma tana iya ɓoye karaya. Darajar tana cikin injin, musamman ƙirar Desert Aircraft ta Amurka ko Zenoah ta Jafan ko DLE ta ƙasar Sin, da kuma sarbo, wato ƙananan injinan lantarki da ke motsa gefen fiffike da jela bisa umarnin matuƙi, waɗanda babban jirgi kan buƙaci shida ko fiye. Wannan ne ya sa gogaggun masu sayarwa kan wargaza jirgin su sayar da shi gunduwa-gunduwa, domin inji da sarbo za su shiga ƙaramin kwali su tafi wasu sassan ƙasar irin su Penang ko Johor Bahru, alhali cikakken jirgi sai wanda yake kusa kuma yake da motar da za ta ɗauke shi. Kamar dai tsohuwar mota ce a hannun 'yan kayan gyara, wadda kuɗin sassanta ya fi kuɗinta a dunƙule.

Mai saye da ya san abin da yake yi ba ya fara duba fenti. Yakan cire murfin gaba ya kama injin da hannu biyu ya girgiza, domin ya ji ko allon da aka ɗaure shi a kai yana motsi, tun da wannan allo ne ke shan jijjiga kuma shi ne ke jiƙewa da mai har gam ɗinsa ya saki. Yakan ɗaga fiffike ya haska shi da tocila, sai haƙarƙarin katakon da ke ciki su bayyana ta cikin ledar, inda duk wurin da aka yi ɗori zai nuna duhu. Sannan ya juya farfela a hankali ya ji ƙarfin matsewar fistin, ya ja kowane hinji, ya leƙa gindin ƙafafun sauka, domin nan ne mummunar sauka ke barin shaida. Wanda ya biya kuɗi bisa hoto kawai, ya yi cinikin biri a sama.

Yanayin Kuala Lumpur yana ƙara wa wannan bincike muhimmanci, domin gari ne mai zafi da laima da ruwan sama kusan duk shekara, ta yadda balsa kan sha danshi ya karkace, leda ta yi tamoji, robar cikin kafireta da tiyon mai su ƙage idan jirgi ya daɗe a ajiye. Batir kuwa, musamman na lithiyam-folima, wanda ake cika kowane ɗakinsa zuwa bolt 4.2 amma ake ajiye shi a kusan 3.8, masana ba sa lissafa shi a cikin farashi, kuma wanda ya kumbura abin gudu ne domin yana iya kamawa da wuta.

Na'urar tuƙi ma tana da nata sharuɗɗa. Tun tsakiyar shekarun 2000 aka fara ƙaura daga tsofaffin zangunan 35 da 72 megahaz zuwa 2.4 gigahaz, lamarin da ya karya darajar tsofaffin na'urori, kuma har yau na'urar karɓar saƙo ta kamfanin Futaba ba ta jin yaren na'urar tuƙi ta kamfanin Spektrum, don haka sau da yawa mai saye kan cire ta ya sa tasa. A Malesiya hukumar sadarwa ta MCMC ce ke kula da zangunan rediyo, SIRIM kuma ke ba kayan sadarwa shaidar inganci. Ta fuskar tashi, dokokin sufurin jiragen sama na 2016, waɗanda hukumar CAAM ke zartarwa, sun hana tashi sama da ƙafa 400 ko a yankin filin jirgin sama ba tare da izini ba, kuma sun ware jirgin da ya haura kilo 20 da ƙarin sharuɗɗa. Wannan ya sa nauyi ya zama abin tambaya tun kafin a yi tayi.

Ɗalibi ko ɗan kasuwa daga Kano ko Zariya da ya ga irin wannan jirgi a Kuala Lumpur ya ƙyasa, yana da ƙarin lissafi a gabansa. Kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a sa batirin lithiyam da ba a cikin na'ura yake ba a kayan da ake aunawa, kuma wanda ƙarfinsa ya wuce wat-awa 100 sai da izininsu, sannan injin da ya taɓa shan fetur kan gamu da cikas ko da an tsiyaye tankinsa. Kuɗin dakon akwatin fukafukai kuwa da girmansa ake lissafawa ba da nauyinsa kaɗai ba, wanda kan cinye rangwamen da aka samu. A Najeriya kuma, tun 2016 hukumar NCAA ta shardanta samun izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro kafin a tashi jirgi mara matuƙi, saboda haka neman takardun nan shi ne ya kamata ya riga biyan kuɗin jirgin.